Turaren Baba da Damisar Bargo

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da 'yan wajenmu masu zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba su da yawa, na yi wata tafiya da wani abokin mahaifina, mutumin Maraɗi. Baba nake ce masa, shi kuma ɗan Kano yake kira na. Shi ya koya mini hanyar saro kaya. Ni fitilu da batura nake saye, shi kuwa sana'arsa ɗaya ce tal, barguna. Irin masu nauyin nan masu laushi, waɗanda ake zana wa ƙatuwar damisa mai ratsi a tsakiya, ta wangale baki.

Baba mutumin kirki ne, amma tafiya da shi sai mai haƙuri, saboda turarensa. Matarsa ce take haɗa masa da almiski da jibda, a wata 'yar kwalba da ba ta rabuwa da aljihunsa. Idan ya shafa, tun yana ƙasan bene za ka san ya dawo. Mun sha shiga tasi direba ya sauke gilasai duka, ko da ana ruwa. Ni kuwa lokacin ina ji da ƙuruciya da son a ce na waye, kunya duk ta ishe ni. Kullum sai na ce, "Baba, don Allah a rage." Sai ya ce, "Ku mutanen Kano baƙin ciki gare ku," ya ƙara wani a gemu.

A wannan tafiyar ne na lura da wani abu. Muna shagon mai barguna a unguwar Liwan, sai na ga Baba yana ɗaga bargo har kusa da hancinsa kafin ya gane zanen. Da muka fito kuma, sai da ya riƙe hannun rigata muka tsallaka titi. Washegari muna shan shayi ya faɗa da kansa.

"Ɗan Kano, wagga ita ce tahiyata ta ƙarshe. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ba ta jin aiki. Abin da ke nesa duk hayaƙi nike gani."

Na fara jero addu'o'i, ya ɗaga mini hannu.

"Amin. Amma akwai abin da nike so. Shekara da shekaru ina saida hoton dabbar ga. Mutanen ƙauye kan tambaye ni, Alhaji, wai akwai ta kuwa, ko ƙaryar masu bargo ce? Sai in ce akwai, alhali ban taɓa ganin ta ba. Kai ni in gan ta tun idon na da saura."

Mai shagon bargunan, wanda muke kira lawban, wato maigida, shi ya ce mana an buɗe wani sabon gandun namun daji a unguwar Panyu. Ya rubuta wa direba sunan wurin da rubutunsu. Jirginmu Asabar zai tashi, don haka ba mu da lokaci sai Juma'a bayan an sauko. Kun dai san turaren Juma'a. Ranar Baba kusan wanka ya yi da shi. Na ce a raina, yau ko dabbobin ma sai sun gudu.

Gaskiya wurin ya burge ni. A Kano na san gidan zu, inda dabba take cikin keji. Nan kuwa daji ne sosai aka kewaye, da tuddai da ƙoramu da gora dogaye, ko'ina kore shar, ba ko ledar da aka yar. Na dinga yi wa Baba bayani, ga barewa can, ga giwa tana watsa ruwa. Da na ce ga raƙumin dawa, sai ya ce, "Wanga ai a hanyar Yamai muke wuce su. Mu je inda muka zo."

Sashen damisa fili ne mai faɗi, da tafki a tsakiya da itatuwa a can ƙarshe. An kewaye shi da ragar waya mai kauri, sannan ga wani ƙarfe da ke tsare mutane daga matsawa jikin ragar. Rana ta take, zafin garin nan mai sa riga ta manne a baya. Damisoshin duk sun shige inuwa, can nesa. Ni mai lafiyar ido ma wutsiyar guda kawai nake hangowa. 'Yan ƙasar suna ta tafi da fito, ko motsi ba su yi ba. Wani dattijo ya dube mu ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu.

"Kana ganin ta?" in ji Baba.

"Ina hango ta kaɗan."

"Ina?"

Na kama kafaɗarsa na juya shi, na nuna. Ya ƙanƙance ido, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Kore kawai nike gani." Wallahi ji na yi kamar in tsallaka in jawo masa ita da hannu. Muka yi ta tsayuwa har mutane suka fara watsewa. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, Allah bai nufa ba. Mu tahi."

Kafin mu juya, wata 'yar iska ta taso daga bayanmu, ta kaɗa babbar rigarsa zuwa cikin filin. Sai na ga mai wutsiyar nan ta ɗaga kai. Ta ɗaga hanci sama, ta miƙe, ta fito daga inuwa.

Jama'a, ban taɓa ganin tafiya irin wannan ba. Ba gaggawa, ba waige. Kafaɗunta suna hawa suna sauka ɗaya bayan ɗaya, rana na haska jikinta ja-ja-wur, ga girma kamar ɗan maraƙi amma ko ciyawa ba ta ƙara a ƙarƙashinta. Ta wuce masu tafi, ta wuce masu fito, ta miƙo kanmu kai tsaye. Ni dai ban san lokacin da na saki Baba ba. Sai ganina na yi a bayan wata bishiya, takalmina ƙafa ɗaya.

Baba bai gusa ba. Ya ma jingina da ƙarfen ya miƙa wuya. Damisar ta zo daidai gabansa, ta shinshina, ta yamutsa fuska, sannan ta shiga goga kumatunta a jikin ragar tana lumshe ido, kamar kyanwar gida ta ga mai ba ta madara. Tana wani huci a hankali, ba na faɗa ba.

"Subhanallahi," in ji Baba. "Ga ta. Ga gashin bakinta. Ɗan Kano, zo ka gani, ashe bayan kunnenta akwai hwarin tabo! Masu bargo ba su sa shi ba!"

Wata ma'aikaciya ta rugo ta ja shi baya tana faɗa da yarensu. Sai ta tsaya cak, ta shinshina hannun rigarsa, ta dubi damisar da ke ta goga kai, ta taɓa hancinta, ta fashe da dariya. Nan na gane turaren Baba ne ya kira damisar. Kyamara kuwa tana rataye a wuyana, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

A tasi, direba ya sauke gilasai kamar kullum. Baba ya ce, "Ɗan Kano, a rage?" Na ce, "Baba, a ƙara."

Bayan wasu shekaru na je Maraɗi gaishe shi. Idon ya rufe gaba ɗaya. Na same shi zaune a shago, ɗansa na ciniki, shi kuma yana shafa wani bargo yana ba wani baƙauye labari. Da ya ji sallamata ya ce, "Yawwa, ga shaidata. Wanga shi ne ya gudu ya bar takalmi." Da muka keɓe, ya ce mini fuskokin mutane da yawa sun fara dushewa a ransa, amma damisar tana nan yadda ya gan ta, har da tabon. Ya lalubi hannuna ya danƙa mini kwalbar turaren.

Na zaga wurare bayan nan, na ga dabbobi iri-iri, amma babu wadda ta cika mini ido kamar wannan. Har yau idan na tuna, nakan ji daɗi da kewa a haɗe. Na yi ta mamakin yadda abin da na shekara ina jin kunyarsa, shi ne ya biya wa tsohon nan buƙatarsa, ni da idona biyu na kasa.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kwalbar tana nan, kuma ranar Juma'a nakan ɗan shafa. Da na shiga mota yarana suke sauke gilasai suna cewa, "Abba, don Allah a rage." Ba na ragewa.