Ba-Wuya da Fulogi Shida

A danginmu kowa Ba-Wuya yake ce wa mijin yayata, amma fa a bayan idonsa. Shi ya jawo wa kansa sunan. Fanka ta tsaya, "ba wuya." Famfo yana yoyo, "ba wuya." Ranar da Yaya take naƙudar 'yan biyu ma, an ce ya leƙa ɗakin ya ce mata ta daure, ba wuya. Har yau ba ta yafe masa wannan ba.

Sana'arsa ɗaukar hoto ce. Yana da ɗan shago a bakin titi, da labule mai zanen teku, da kujera guda, da furen roba da duk wanda ya shiga sai an ɗora masa a cinya. Kuma tsakani da Allah ya iya aikinsa. Zai kama haɓarka ya juya ta kamar kan famfo, ya ce kada ka numfasa, in hoton ya fito sai ka rantse wani ɗan'uwanka ne da ya fi ka kyau. Da wayoyi suka cika hannun mutane, kowa ya zama mai hoton kansa, sai ya rufe shagon ya dawo gida da kyamarorinsa da fitilunsa da lokaci mai ɗimbin yawa. Lokacin nan shi ya zame mana masifa. Ya gyara keken ɗinkin Yaya, tun daga ranar nan, da baya kawai yake ɗinki. Ya gyara agogon falo, yanzu yana tafiya lafiya ƙalau muddin an kwantar da shi a rigingine.

'Yan biyun, da suka girma suka kama aiki, sai suka haɗu suka sayo masa tsohuwar jif, baƙa, mai tsayi, wai don ya riƙa fita yana shan iska ya ƙyale kayan uwarsu. Dabara ce mai kyau. Sun manta kawai cewa mota ma tana da ƙusoshi.

Bayan 'yan watanni jif ta soma tari. In ta tsaya a mahaɗar titi sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga wata fitila ruwan ɗorawa da ta kunna kanta a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Bakaniken da ke bayan layinsu ya saurara, ya ce fulogi ne suka gaji, a bar masa ita zuwa la'asar. Ba-Wuya ya ji kamar an zage shi.

"Fulogi?" ya ce wa Yaya da ya dawo. "Abin da bai kai yatsana tsawo ba zan kai wa wani? Kwancewa ce da ɗaurewa."

"Baban 'yan biyu," in ji ta, "keken ɗinkina ma kwancewa ce da ɗaurewa."

Bai ji ba. Ya riga ya samo wani bidiyo a wayarsa, inda wani mutum mai fararen haƙora ya canza fulogin irin motar yana murmushi, rigarsa ko ɗigon baƙin mai babu. Ba-Wuya ya kalla, ya soki yadda aka haska wurin, sannan ya tafi ya sayo sababbin fulogi shida da dogon sifana.

Washegari da safe ya buɗe bonet a tsakar gida. Jif ɗin ta fi shi tsayi, don haka ya jawo turmin Yaya ya kifa ya hau. Ukun da ke gaba ba su ba shi wahala ba, dole in faɗi gaskiya. Ya tabbatar injin a huce yake, ya zare waya, ya ciro koyil, wato abin da ke kai wuta da ke kan kowane ɗaya, ya zura sifana cikin ramin ya fito da tsohon, baƙi ƙirin. Sabon ma da hannu ya fara murza shi a hankali kafin ya sa ƙarfe. Ya sauko daga turmi yana kaɗe hannu kamar likitan da ya gama tiyata.

Sai ya nemi sauran ukun bai gan su ba. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, har ya soma cewa wataƙila tasa motar uku gare ta. Ashe suna can baya, ƙarƙashin wani ƙaton bututun iska da ke kwance a kan injin, wayoyi da tiyo-tiyo sun nannaɗe shi ta ko'ina. Mai fararen haƙora ya yanke wannan wurin daga bidiyonsa, Allah Ya saka masa.

Mai hankali a nan zai rufe bonet. Ba-Wuya ciki ya shiga ya fito da babbar kyamararsa da sandarta mai ƙafa uku. Ya ce duk abin da zai cire sai ya ɗauki hotonsa tukuna, don ya san inda zai mayar da shi. Ko ni da na ji, na ce a raina yau dai mutumin nan ya yi tunani.

Kwanaki aka kwashe ana abu ɗaya. Farantan Yaya suka koma mazubin ƙusoshi. Sabon tawul ɗinta ya yayyaga ya toshe ramukan injin, wai kada ƙura ta shiga. Igiyar shanya ta cika da tiyo. Ya kai ga ukun bayan dai a ƙarshe, kwance rub da ciki a kan injin, ƙafafunsa suna lilo a sama, ya canza su. Saura mayarwa.

A nan Yaya ta kira ni. "Ki zo ki ga mijin yayarki," ta ce. "Ya yi shiru. Ban taɓa jin ya yi shiru ba, tsoro nake ji."

Na same shi zaune a kan turmi, kyamara a cinya, yana duba hotuna. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Wallahi hotunan sun yi kyau. Ga kan wata ƙusa yana ƙyalli, haske ya sauka a gefensa kamar ango. Ga bakin wata tiyo, har ɗigon mai ana gani. Amma duk abin da ke bayansu ya dushe shi, ya zama hazo, yadda ya saba yi wa amare don fuska ta fito. Kowane ƙarfe ya samu hoton da zai rataya a ɗakinsa, babu ko ɗaya da ya nuna inda yake zaune.

"Baban 'yan biyu," na ce masa, "waɗannan ai sai a sa su a gilashi. Wannan tiyon ma kamar za ta yi magana."

"Ƙanwata, ba lokacin wasa ba ne."

"To ka tambaye ta mana inda gidanta yake."

Sai na tuna cewa a ranar farko Yaya ta turo mini wani hoto ta waya, don ta nuna mini bala'in da ya same ta. Na lalubo shi. Hoto ne na haushi: a karkace, yatsanta ya rufe kusurwa guda, rabin bayan Ba-Wuya ya cika gefe. Amma injin yana nan gaba ɗayansa, kowace waya da kowace tiyo a mazauninta, tas.

Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Matarka."

"Ta tsaya rana tana gabanta. Ba a haka." Ya miƙo mini wayar. "Turo mini."

Da wannan mummunan hoton ya mayar da komai, yana yi yana ƙorafin hasken. Mu kuwa muka ja kujeru nesa da motar, Yaya har da ajiye bokitin ruwa a kusa. Ya shiga ya murza makulli. Jif ta tashi. Babu tari, babu karkarwa, fitilar nan ma ta mutu. Na dubi Yaya, na ga fuskar macen da ta san ta shiga uku.

"Da ma ta ƙi tashi," ta ce a hankali, "da mun huta."

Gaskiyarta. Tun daga ranar babu wanda ya shiga gidan ya fita salin-alin. Mai kawo ruwa, maƙwabci, mai karanta mitar wuta, kowa sai an tsayar da shi gaban bonet an tada injin ya saurara, a ba shi tsohon fulogi ya riƙe, a ba shi labarin ukun baya. A labarin babu hoton Yaya. Akwai dai "idon mai sana'a."

Ranar da na sake zuwa ya nace sai ya kai ni gida da kansa, Yaya ma ta shiga don ta sayo kayan miya a hanya. Ya hana mu magana, ya ce mu ji injin. Muna ji kuwa, har muka kai gindin wani ɗan hawa, sai jif ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Yaya ta juyo da murna a fuskarta, amma ba fulogi ba ne. Mai ne ya ƙare. Ya ƙone shi duka a tsakar gida wajen nuna wa baƙi.

Muka fito ni da Yaya muka naɗe mayafi a ƙugu muka dafa bayan motar. Jif ba ƙaramar mota ba ce, sai mai turawa ya sani. Masu babur suna wucewa suna yi mana sannu. Shi kuwa yana zaune a kan sitiyari, gwiwar hannu a taga, ya leƙo yana duban mu.

"Ku shaida dai," ya ce, "ba daga aikina ba ne. Ku ƙara ƙarfi kaɗan, gidan man yana bayan hawan nan."