Baba Tambaya Ya Rufe Shagon Rimot

"Ɗayan rimot ɗin yana hannun wa?"

"Baba, aiki na kawo maka, ba shari'a ba. Saita min sabo, ka goge tsohon."

Mai maganar ƙanen wani mamaci ne, ya sa janwe ya jawo motar yayansa tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba. Baba ya riga ya durƙusa zai jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, sai ya miƙe. Ya gane motar. Shi ya saita mata rimot biyu, kuma bai manta mamacin yana dariya yana cewa ɗayan na madam ne, ita ke kai yara makaranta. Baba ya ce sai matar ta zo da kanta.

Haka yake tun da muka san shi. Da safe ya share ƙofar shago, ya jera ƙananan batura a faranti, ya goge tabarau, ya jira. Duk wanda ya zo sai ya sha tambayar nan, don Baba ya san idan aka yi sabon saiti, mota takan manta duk rimot ɗin da ba ya wurin, kamar ba ta taɓa saninsa ba. Tambayar ce ta jawo masa laƙabi, ita ce kuma ta kore masa kwastomomi.

Ƙanen mamacin bai yi musu ba. Titi kawai ya tsallaka, zuwa sabon shago mai gilashi inda ba a tambaya. Kafin shayin Baba ya huce, fitilun motar sun ƙifta, an saita sabo.

Washegari matar ta iso cikin takaba, ta ajiye rimot ɗinta a teburin Baba. An gaya mata Baba ne ya kashe rimot ɗin. A gaban jama'a ta ce Allah ya isa. Mai facin taya na gefen shagon, wanda aka yi komai a idonsa, ya sunkuyar da kai yana neman hujin taya. Dukanmu muka yi shiru, muna tsoron rigimar gado. Baba ya buɗe baki, ya dubi idanunta da suka kumbura, ya fasa.

Kai ne, Baba, ka kare haƙƙin matar da ta tafi tana tsine maka. Kai ne ka ƙi taɓa motar da wasu samari suka kawo da labari mai daɗi, ashe ta sata ce, har mai ita ya same ta, bai ko zo ya ce sannu ba. Mun gode, ko da yake godiyarmu ta makara, kuma da kunya muke yin ta. Ku masu wannan sana'a, tambaya ɗaya ce tak, ku riƙa yin ta. Wanda kuma ya san gidan matar nan, don Allah ya kai mata gaskiya.

Jiya Baba ya kwashe kayansa. Ido ya yi rauni, kuma tun ranar da matar ta zo ba a kawo masa aiki. Mai shagon gilashi ya tsallako da fara'a, wai zai sayi na'urar, kada ta lalace a ɗaki. Baba ya naɗe wayarta a hankali, ya rungume ta.

"Ɗana, gida za ta bi ni," ya ce. "Ba zan sayar wa wanda ba ya tambaya ba."