Birkin Kawu

Kawun Auta mai koyar da tuƙi ne. Tun yana saurayi bakinsa bai huta da kalmomi biyu ba: hagu, dama. Motarsa tsohuwa ce, da ƙarin birki a gefen da yake zama. Birkin nan ya ceci katangu da yawa, da wani mai sayar da lemo da har gobe yake gaishe shi da girmamawa.

Ƙannensa biyu kullum cikin musun siyasa suke. Mamar Auta, malamar makaranta, ta ce ita 'yar hagu ce, ɓangaren masu neman sauyi. Ƙaramin kawu, mai shagon fenti, ya rantse shi ɗan dama ne. Wata rana suka tsare shi.

"Yaya, kai wane ɓangare kake?"

"Ni ɗan birki ne. Ku juya inda kuka ga dama."

"Kin ji ko? Dama ya ce," in ji mai fenti.

"Ban gama ba. Direban da ya ce a cire masa birki, ko waye shi, ba na shiga motarsa."

Da shugaban ƙasa ya soke zaɓe, duk suka fita zanga-zanga a babban shataletale, har da Auta da ta gama jami'a a shekarar. Hayaƙi mai sa hawaye bai tambayi kowa ɓangarensa ba. Mama da mai fenti suka dawo riƙe da juna suna tari. Auta ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Tun daga ranar, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura.

Sai ga Auta ta samu aiki, na rarraba magunguna a motar kamfani. Tuƙi kam ta iya, amma duk hanyoyin ta shataletalen suke bi, kuma sojoji na nan. Ta ce ta haƙura da aikin.

"Zo ki kai ni sayen taya," Kawu ya ce. "Birkina na nan."

Suka doshi shataletalen, Auta ce riƙe da sitiyari. Kawu kuwa labari yake ta zubawa na wani ɗalibinsa da in an ce hagu sai ya duba agogonsa tukuna. Soja ya ɗaga hannu. Auta ta ji motar ta tsaya a hankali, daidai gabansa. Ya leƙo, ya ga tsoho da yarinya, ya ce su wuce.

Sai da suka bar shataletalen ta numfasa.

"Na gode, Kawu. Da ba ka taka ba, da na bi ta kansa."

Ta waiwaya. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafafu bisa kujera.

"Kawu, tun yaushe ƙafarka take nan?"

"Tun daga gida. Kunna sigina, 'yar nan."

"Hagu ko dama?"

"Wajen aikinki dai. Tayata lafiyarta ƙalau."