An Yabi Kakar, An Kori Jikar

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hadiza, wadda rabin mutanen unguwar Briqueterie a Yawunde ba su san ta da wani suna ba sai Metires, wato malama. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da muke yi bai wuce a sauke Alƙur'ani a gida, a raba sadakar masa, kowa ya kama gabansa ba. Ni tela ne, hannuna ya fi sabawa da almakashi a kan alƙalami. Amma bana na ga abin da ba zan iya haɗiyewa ba, shi ya sa na kawo shi jarida. Ita dai Allah ya jiƙanta, ta gama nata. Da masu rai nake da magana.

Yaya Hadiza ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun firamare na unguwarmu. Ba zan kama sunan makarantar ba, masu abin sun san kansu. Duk wanda ya san Brik ya san irin ajin da ake samu a nan: ɗan mahauci Bahaushe, 'yar Fulani daga Garwa, ɗan Ewondo wanda kakanninsa ne masu ƙasar Yawunde, 'yar Bamileke mai shago, ɗan Bamun, ga kuma 'ya'yan mutanen Bamenda masu Turancin kasuwa. Duk a benci ɗaya, guiwa na gugar guiwa. Kada wani ya ɗauka waliyyiya nake kwatantawa. Gajeriyar mace ce mai murya kamar ta mutum uku, ga faɗa, ga rashin haƙuri, mayafinta kullum fari fat da alli. Ni kaina har na yi furfura ina shan tsawarta.

Akwai wani abu da ta ƙirƙiro wanda muke kira aron uwa. Duk shekara makaranta tana yin ranar al'adu. Idan ya rage mako guda, sai Yaya ta haɗa yaran ajinta biyu-biyu, kuma ba ta taɓa haɗa 'yan yare ɗaya. Kowane yaro bayan an tashi zai bi abokinsa gida, uwar abokin ta zama tasa har ranar biki. Ita za ta ciyar da shi, ta koya masa yadda ake gaida manya a gidansu, ta koya masa waƙa ko ɗaya ce, ranar biki kuma ita za ta shirya shi da kayan mutanenta, ta riƙo hannunsa ta kawo shi makaranta. Dokar ɗaya ce: babu yaron da zai zo da kayan gidansu. Takan ce wanda ya sa rigar ubansa ya fito fili bai koyi komai ba, ai da ita ya kwana.

Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba. Wani malami mai faɗa a ji a unguwa ya aiko mata cewa zanen aro ba ya rufe katara, sannan me 'ya'yan Musulmi za su ci a gidan da ba a san yankansu ba? Yaya ba ta aika amsa ba, ta ɗauki mayafi ta tafi da ƙafarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa cewa ta riga ta yi magana da iyayen, duk gidan da ya karɓi ɗan Musulmi a wurin mahautanmu zai sayi nama, kuma idan lokacin salla ya yi za a ba yaro ruwa da wuri mai tsabta. Sannan ta tura wata yarinya 'yar Bassa da ta zo da ita gaban uwargidansa, ta ce ga 'yarki ta mako guda. Matar nan maza kawai Allah ya ba ta. Kafin mako ya ƙare ta yi wa yarinyar kitso da lalle, ta saya mata awarwaro, ranar rabuwa har da kuka. Daga nan ba a sake jin bakin Malam ba.

A irin wannan mako shagona ba ya shiguwa. Matar Bamenda ta kawo baƙar rigarsu mai adon zare ja da rawaya a rage wa wani Audu, Hajiya ta kawo 'yar babbar riga a ɗage wa wani Pol hannu, ga masu kaba, doguwar rigar matan kudu, ana auna wa 'yan matanmu suna ta ƙyalƙyala dariya. Kowace uwa so take ɗan aronta ya fi na kowa kyau, don kada a ce ta wulaƙanta ɗan mutane. A haka mata suka san ƙofar gidan juna, kuma zumunta dama a ƙafa take. A haka ne ma wata yarinya 'yar Ewondo mai suna Ngono ta fara shigowa gidanmu, lokacin da aka haɗa ta da Sani, ɗan Yaya na cikinta. Aron mako guda ne, sai ga shi da suka girma ya zama aure. Yaya ta ga auren, amma ba ta ga 'yar da suka haifa ba. An sa wa yarinyar sunanta, shi ya sa muke kiranta Ummi.

Bayan rasuwar Yaya abin ya ɗan yi ta tafiya da ƙyar, sannan ya mutu. Zan faɗi gaskiya, ba mugunta ce kaɗai ta kashe shi ba. Zamani ya canza, iyaye na tsoron tura yaro gidan da ba su sani ba, wayar hannu kuma kullum tana kawo labarin da zai ƙara tsoron. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da an so, da an gyara. Abin da aka yi shi ne, sabon direkta da shugabannin ƙungiyar iyaye suka zauna suka mayar da ranar al'adu gasa. Kowace ƙabila ta ja layinta da kayanta da abincinta da waƙarta, a kafa alƙalai, wanda ya ci a ba shi kofi. Tun daga lokacin, mako guda kafin biki yara ba sa wasa da juna, kowa yana ɓoye wa abokin bencinsa waƙar da ake koya masa. An tara su ne don su san juna, sai aka koya musu ƙidayar namu da nasu.

Bana aka aiko mini da gayyata, wai za a tuna da Metires Hadiza, ana son danginta su zo. Na sa rigata mai kyau, aka zaunar da ni a rumfa cikin manya. Ummi tana aji uku a makarantar. Ni na ɗinka mata atamfar da ta sa, uwarta kuma tun asuba ta soya mata masa cike da kwano, irin wadda Yaya ta koya mata da hannunta. Daga inda nake zaune na hango yarinyar ta shiga layin Hausawa da kwanonta a ka. Sai na ga shugaban iyaye, wani Alhaji da na sani tun yana ɗan firamare, ya sunkuya ya yi mata magana, ya nuna mata ɗaya gefen filin da yatsa. Ta tafi layin Ewondo. Matar da ke shirya su ta dubi ɗankwalinta da atamfarta, ta ce a wurinsu ɗa na uba ne, ta koma wurin Hausawanta. Ba da faɗa ta faɗa ba, har da shafa mata kai. Yarinya ta dawo tsakiyar fili, ta duba nan, ta duba can, sannan ta tafi jikin katanga ta tsaya.

A daidai wannan lokacin direkta yana riƙe da lasifika yana zuba Faransanci, yana cewa Metires Hadiza uwa ce ga kowa, ita ta koya wa makarantar nan zaman tare. Aka ce a miƙe a yi shiru don girmama ta. Kowa ya miƙe, har da Alhaji, ya sunkuyar da kai kamar gaske. Hadiza babba tana shan yabo a lasifika, Hadiza ƙarama tana jikin katanga da kwanon masa. Wallahi ban taɓa jin zuciyata ta tafasa irin na ranar ba.

Ban jira an zauna ba, na ratsa filin na same shi. Na tambaye shi laifin da yarinyar ta yi.

Ya ce, "Haba Baba tela, pardon, ka yi haƙuri. Konkur ne fa, gasa ce. Hausarta ba ta nuna ba, rabi Faransanci ne. Za ta ɓata mana waƙa, mu rasa kofi."

Na ce, "Kai Alhaji, ranar da aka kawo ka lekol ɗin nan, wannan makarantar, daga Garwa, ko ruwa ba ka iya roƙo da Hausa ba. Fulatanci ne a bakinka. A ajin kakar yarinyar nan ka zauna, wa ya nuna maka katanga? Rigar Bamenda da ka yi rawa da ita, ni na rage maka ita."

Sai ya hau kame-kame, wai ai ba shi kaɗai ya yanke ba, wai badi za a duba. Tabarmar kunya dama da hauka ake naɗe ta. Na riƙo hannun jikata muka fita, ba mu tsaya ganin wanda ya ci ba. Daga baya na ji layinmu ne ya ɗauki kofin. Allah ya sa su sha ruwa da shi lafiya.

Fushina ya fi yawa a kan namu, kuma ba zan ɓoye ba. Matar Ewondo ta bi abin da ta sani ne. Mu fa? Tun yaushe Bahaushe ya fara kore ɗan ɗansa zuwa dangin uwa? Mu da kakanninmu suka zo garin nan baƙi da ƙunshin kaya a ka, masu ƙasa suka ba su wurin zama, mu ne yau muke auna Hausar yarinya 'yar shekara takwas kamar ana auna yadi? Rabin masu cinikin Hausa a kasuwar nan ba da ita aka yi musu goyo ba, kuma ba wanda ya taɓa hana su. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne rumfar nan cike take da manyan da Yaya ta koyar, maza da mata, kowannensu yana da uwar aro a wani lungu na unguwar nan. Sun ga yarinyar sarai. Ba wanda ya motsa daga wurinsa.

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya za ta yi da tana nan. Na san ba za ta tsaya rubuta wa jarida ba. Za ta karɓe lasifikar ne daga hannun direkta, ta wargaza layukan nan, ta sa kowane yaro ya riƙe hannun wanda ba yarensu ɗaya ba, wanda ya ji haushi ya same ta a gida. Ba ta taɓa cewa mu bar namu ba. Ba ta wasa da salla, kuma ba wanda ya kai ta son Hausa. Abin da ta gane shi ne ɗa na kowa ne, kuma matar da ta taɓa ɗaura wa ɗan wani zane da hannunta da wuya ta yarda a zagi uwarsa a gabanta.

To me ya rage nata? Ba zan ce babu ba. Akwai direban taksi Bamileke da har yau idan ya wuce shagona sai ya rage gudu ya gaishe ni da Hausa tsantsa. 'Yar Bassan nan ta zama babbar mace a unguwar Tsinga, kuma da uwargidan Malam ta kwanta ciwon ajali, ita ta yi jinyarta. Irin waɗannan suna nan da yawa, sun warwatsu cikin gari. Amma duk manya ne, furfura ta fara kama wasu. A makarantar da aka shuka abin, ba a bar ko iri ba, sai suna da ake ɗagawa ranar biki.

Bayan ranar nan Ummi ta fara ciwon ciki duk safiyar makaranta, ciwon da yake warkewa ranar Asabar. Sani ya yanke shawarar mayar da ita wata makaranta a unguwar Cité Verte, inda ba wanda ya san kakarta. Na yi masa faɗa sosai, na ce idan jinin Hadiza ya gudu daga makarantar Hadiza, to wa zai tsaya? Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Kawu, gaskiyarka ne. Amma ba da 'yata za a yi wannan yaƙin ba."

Makon jiya uwarta ta kawo ta shago da yadin kayan sabuwar makarantar. Yarinyar nan da can ba ta shigo mini sai da tsokana, ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini tsoho mai ran ƙarfe, da Hausarta mai gauraye da ta fi mini ta kowa daɗi. Ngono ta raɗa mini cewa tun ranar bikin ba ta sake furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, ko da ubanta. Ban yarda ba. Na ɗauki awo ina auna kafaɗarta, na ce amaryata ta yi tsawo, ko dai ta sami wani saurayin ne ta yar da tsohonta? Na tsaya ina jiran ta rama.

Ta dubi ƙasa har na gama awon. Da za su fita ta juyo a bakin ƙofa, cikin ladabi, ta ce da Faransanci, "Merci, grand-père."