Ranar da Na Yi wa Ƙadangare Turaren Wuta

Na ga abubuwa da dama a zamana na Madina, wasu sun fita daga kaina, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da na gyara wa ƙadangare ɗaki, ita kam ina jin da ita za a kai ni kabari.

Muna zaune a unguwar Ƙuba ne, a shaƙƙar babban ɗana, wato sashensa a gidan bene, ni da shi da matarsa da 'yarsu ɗaya. Jikata ke nan, wadda nake kira ƙawata. A lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Yarinya ce marar yawan magana, tana jin Hausa sarai, amma in ka tambaye ta sai ta amsa da Larabci, kamar sauran yaran da aka haifa a nan. Wata rana ta dawo daga madarasa da labari. Ƙawarta da ke unguwar Al-Khalidiyya za su koma Jidda ƙarshen wata, kuma uwarta ta ce ba za a tafi da ƙadangarensu ba. Wai ƙadangare mai gemu, daga wata ƙasa mai nisa ake kawo irinsa. Ta nuna mini hotonsa a jawwal, wayar hannu ke nan: launin ƙasa, ga faɗin ciki, ga ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa.

Na ce, “Ƙawata, wannan ai ɗan uwan damo ne. A garinmu yara jifan su suke yi.”

Ita so take ta karɓo shi, amma ubanta bai so ba. Da ta matsa, sai ya kafa mata sharaɗi: ita kaɗai za ta shirya komai, in ranar karɓa ta zo wurin bai kammala ba, magana ta mutu.

Ban taɓa ganin yarinyar nan da himma irin ta wannan lokaci ba. Aka kawo akwatin gilashi mai tsawo, aka ajiye a ɗakinta. Ta rataya fitila biyu a sama, ɗaya ta zafi, ɗaya wai mai hasken da ke ƙarfafa masa ƙashi. Ta sa kututture a gefen zafi, ta sa ɗan kogo a gefen sanyi, ta liƙa ma'aunin zafi tana duba shi safe da yamma. Ni dariya abin ya ba ni. A Madina, inda rana ke dafa ƙwai a kan mota, a ce ƙadangare sai an kunna masa fitila? Ta yi mini bayanin cewa mukayyif, wato na'urar sanyi, yana sanyaya ɗakin, kuma hasken da yake buƙata ba ya ratsa gilashin taga. Na ce to. Ban saurara sosai ba, don a raina wasan yara ne.

Duk da haka ina son in faranta mata. Ana gobe za a kawo shi, tana madarasa, na ce bari in yi mata abin da na iya. Mu a gidanmu in baƙo zai zo, ana share ɗaki, a fesa maganin ƙwari, a rufe ƙofa, sannan a bi da turaren wuta. Haka uwata ta yi, haka na yi shekara da shekaru. Na shiga da tsintsiya. Ina janyo wata roba daga ƙarƙashin tebur, sai na ga kwalayen ƙwai a ciki, gyare ya cika su, suna ta tsalle. Na yi salati. Na ce yarinyar nan ƙwari sun cinye mata ɗaki ba ta sani ba. Na ɗauko maganin feshi, na fesa musu har suka daina motsi. Na buɗe akwatin gilashin na fesa a kan kututturen da cikin kogon, kada wani ya ɓuya a can. Bayan nan na ɗora garwashi a kasko, na zuba turarena mai kyau, wanda ba na fito da shi sai da salla, na sa a ɗakin na ja ƙofa.

Da ta dawo, a bakin ƙofa na tare ta. “Na gyara wa baƙonki masauki. Shiga ki ji ƙamshi.”

Ta buɗe, hayaƙi ya yo waje. Ta ruga ta ɗaga robar, ta tsaya tana kallon matattun gyaren. Sai ta shinshina akwatin. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta juyo a hankali ta ce, da Hausarta mai karyewa, “Kaka, abincinsa ne. Shi ma maganin nan kashe shi zai yi.” Ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba.

Da ubanta ya dawo ya ji, sai ya ce, “Halas, shi ke nan, Allah bai nufa ba. Gobe ne ranar, wurin kuwa ya lalace.”

Na ce, “Ba ita ta lalata ba, ni ce.”

Ya yi murmushi irin wanda ba na daɗi ba. “Inna, ai kin saba. Kin manta tantabaruna? Na tafi makarantar allo na dawo na tarar da su a cikin miya, wai baƙi sun zo daga Sudan.”

Wallahi na manta. Shi kuwa ga shi da furfura a gemu, bai manta ba. Na ce, “Naka sun riga sun tafi, ba ni da yadda zan dawo da su. Na 'yarka bai ma iso ba. Ɗauko makullin mota.”

Bayan la'asar muka je Al-Khalidiyya. Matar gidan tana cikin ɗaure kaya, ta riga ta ce in ba mu karɓa ba shago za ta kai shi. Na zauna na faɗa mata abin da na yi, ba ƙari ba ragi. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, “Ya Hajja, turaren bakhur ga ƙadangare?” Daga baya ta yarda su riƙe shi har ranar tafiyarsu.

Sauran kwanakin aiki muka yi, ni da ƙawata, amma ita ce mai ba da umarni. Kututture da kogo ta ce a zubar, sun sha magani. Gilashin muka hau da shi saman bene, muka wanke da ruwan zafi da sabulu, muka ɗauraye, muka sake, har sai da hancinta ya yarda. Aka buɗe tagogi, aka wanke labule. Na je wata tsohuwar gonar dabino kusa da mu, wurin wani Bahaushen Sudan mai kula da ita, na roƙi busasshen itace. Kafin in taɓa na tambaye shi, “Malam, tsakaninka da Allah, an taɓa yi masa feshi?” Ya rantse ba a yi ba. Na kwara wa itacen tafasasshen ruwa, na shanya a rana. Sabon gyare kuwa ni na riƙo shi a cinyata daga shago, suna kuka a mota, ɗana yana tuƙi yana cewa, “Inna, riƙe jikokinki da kyau.”

Ranar da aka kawo shi, yarinyar ta sa shi a akwatin ta ce kowa ya ja baya, kada a taɓa shi sai ya saba. Ya tsaya ya hura gemun nan ya yi baƙi, ya karkata kai yana kallon mu da ido ɗaya. Can ya hau itacen da na kawo, ya baje ciki a ƙarƙashin fitila. Ta miƙo mini ganyen jarjir da wuƙa, ta ce, “Kaka, yanka masa ƙanana.” Na ce, “Kamar yaya?” Ta nuna mini da yatsa, na yanka daidai.

Yanzu ta girma, ƙadangaren ma ya tsufa, yana nan. Turarena a ɗakina nake yi, ƙofa a rufe. Abin da na koya a ranar, bayan na tsufa, shi ne kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna. Duk wanda zan yi wa alheri, yaro ne ko baƙo ko dabba, sai na fara tambayar abin da yake buƙata. Da na san haka tun ina da ƙuruciya, da ɗana bai ci tantabarunsa a miya ba.