Kwanson Harsashi Cikin Ƙullin Yaji

Aikina a Deira, unguwar kasuwanci a Dubai, a shekarun dubu biyu da 'yan kai, shi ne nemo wa mutane abin da suka aiko da samfurinsa. Ofishinmu na kago, wato aika kaya gida, ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, saman shagon wani mai sayar da barguna, sitonmu kuma yana bayan layi. 'Yan kasuwar Kano da Maraɗi da Damagaram ba sa wahalar da kansu da dogon bayani. Mai son leshi zai yanko ƙyalle kamar tafin hannu, mai injin niƙa zai naɗe ƙarfen da ya karye a tsohuwar jarida, a ba duk wanda zai hau jirgi ya kawo mini. Ni kuma in jefa abin a jaka in bi shago-shago har in sami ɗan'uwansa. An taɓa aiko mini da murfin kwano ƙwaya ɗaya, na kuma nemo kwanon. Saboda haka a gida an ɗauka babu abin da ba a sayarwa a Dubai, kuma babu abin da zai gagare ni nemowa. Ban taɓa musawa ba, don ina jin daɗin a faɗa.

A shekarar da nake ba da labarinta 'yan fashi suka shiga gidan mahaifiyata. Ni na gina mata gidan, a wata sabuwar unguwa a bakin garin Kano inda gidaje ke nesa-nesa da juna. Daga Inna sai wata ƙanwarta da mijinta ya rasu, su biyu ke ciki. Ana kiran magariba mutum huɗu suka shigo, suka yi harbi sama a tsakar gida, suka kwashe abin da za su kwashe. Kayan ba su dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ɗaya daga cikinsu ya hankaɗe Inna ta faɗi a kan turmi. Tsohuwar da ko mu 'ya'yanta ba ma ɗaga mata murya.

Yayana, wanda nake bi, shi ya kira ya gaya mini. Ban yi kuka ba, zagi na yi ta surfawa har katin wayar ya kusa ƙarewa. Da ya ce shi a ganinsa a sama wa gidan bindiga, ban tsaya tunani ba na ce a samu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka tun farko ni ce mai hankalin gidan.

Bayan mako biyu wata Hajiya mai sarin atamfa, tsohuwar abokiyar cinikinmu, ta iso da saƙona daga gida: kuka, daddawa, da ƙullin yajin Inna. Ta zauna tana shan shayi tana mitar dogon layin filin jirgi, ni kuma ina kwance ledoji. A tsakiyar yajin na ji wani abu mai tauri naɗe da takarda. Na warware, sai ga kwanson harsashi, ruwan tagulla, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. A jikin takardar, da rubutun Yaya: "Ga samfuri, a tsakar gida aka tsinta. Ki nemo ƙarama mai cin shida, wadda ake kira libarba, da harsashi irin wannan. A saka a cikin firiza in za a loda kwantena."

Na yi wuf na ɓoye shi a tafina. Na dunƙule hannu na dubi Hajiya, baiwar Allah tana ta hura shayinta. Da wannan abin ta ratso gaban jami'ai a filin jirgi biyu, ba ta san tana ɗauke da shi ba. Na ji haushin Yaya, amma gaskiya haushin bai kashe mini son bindigar ba. Ina rufe ido Inna nake gani a kan turmi.

Mai kula da sitonmu wani dattijo ne mutumin Damagaram, ya yi aikin jandarma a Nijar kafin ya ajiye ya zo neman na kansa. Baba muke ce masa, shi kuma Hajiya yake ce mini. A Sonapur yake kwana, unguwar ma'aikata can bayan gari, kullum da safe ya biyo bas, amma ban taɓa ganin rigarsa a yamutse ba. Na same shi yana ɗaure kwalaye, na ja shi gefe na buɗe hannuna.

Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Hajiya, wa ya kawo wannan?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai.

Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Na farko, wannan na doguwar bindigar soja ne. Libarba ba ta cin irinsa, kuma ita ba ta tofar da kwanso ƙasa, a cikinta take riƙewa. Na biyu, a ƙasar nan baƙo irinmu ba ya mallakar bindiga, kuma wannan fankon da kike gani ya isa ya jefa mutum a matsala."

Na ce, "Baba, ni ba wa'azi na zo ji ba. Tambayarka nake wace iri ce ta dace da gida."

"Kin taɓa harbi?"

"Ban taɓa ba."

"Ke da ba kya sayen leshi sai kin murza shi da hannu? Ranar Juma'a bayan an sauko, yalla, mu je, zan kai ki ki zaɓa da kanki."

Ashe akwai wani wuri a wajen gari inda hukuma ta yarda a yi harbi. Ka nuna fasfo, a ba ka aron bindiga, ka harbi takarda, ka mayar musu da kayansu ka fito hannu biyu. Kwanson dai ban kai shi can ba, a aljihun tebur na kulle shi. Cikin wurin harbin sanyi kamar asibiti, ga wani wari mai kama da na ashana. Ma'aikacin wurin ya ba mu abin toshe kunne, ya shimfiɗa libarba biyu a gabana, ɗaya mai gajeren baki, ɗaya mai ɗan tsawo.

Baba ya yi mini bayani a hankali, shwaiya-shwaiya, kamar yadda yake cewa. Gajeriyar ba nauyi, za ta shiga jakar hannu, amma tana fizgar hannu in ta tashi. Mai tsawon ta fi nauyi, ta fi zama daram. Harsashin ma iri biyu ne, mai sauƙi da mai ƙarfi. Na miƙa hannu ga mai ƙarfin, don ni a lokacin komai mai ƙarfi nake so. Ya ce, "Wannan yana iya huda ƙofa ya wuce. A gidan Inna, bayan ƙofar wa ke kwance?" Na janye hannuna. Na zaɓa yadda nake zaɓen kaya: na jinjina, na juya, na tambayi ƙasar da aka ƙera. Na ɗauki mai tsawon da harsashi mai sauƙi.

Harbin farko ban ma san inda ya tafi ba. Ƙarar ta ratsa ni har haƙora. Na biyu da na uku da na huɗu duk iska na harba. Na biyar da na shida ne suka huda takardar. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A wannan takardar fuskar wanda ya hankaɗe Inna nake gani, ko da yake ban taɓa ganinsa ba.

Ina ajiye ta na fara yarfe hannu, don kunamar bindigar tauri gare ta, ɗan yatsana har ya yi ja. Baba yana kallona.

Ya ce, "Kin iya zaɓe, Hajiya. Da ni ne ma ita zan ɗauka. Saura tambaya ɗaya. Wa zai riƙe ta?"

Sai na tuna da hannun Inna. Yatsun Inna sun lanƙwashe da ciwon gaɓoɓi, ko murfin kwalbar man shafawa sai an buɗe mata. Ƙanwarta kuwa in ƙadangare ya faɗo daga katanga sai ta yi salati ta zubar da abin da ke hannunta. Yaya yana can cikin gari da iyalinsa, tafiyar rabin awa in hanya ta yi kyau. Kuma na san bakin Yaya. Ranar da bindiga ta shiga gidan, kafin sati duk majalisarsu ta ji, daga nan unguwa ta ɗauka. Waɗanda suka zo neman talabijin, wannan karon bindigar za su zo nema, a ƙarƙashin gadon tsohuwar da ba za ta iya ja ba. Ban ma kai ga tunanin kwantenar ba sai a mota, kwantenar da ke ɗauke da kayan mutane da yawa, kowane kwali da sunan mai shi a jiki, duk sun ba ni amana.

Na karɓi takardar da na harba na ninke na sa a jaka. Washegari na ɗauko kwanson, na hau abra, kwalekwalen katakon da ke tsallakar da mutane mashigin ruwan Deira. Muna kaiwa tsakiya na saki hannu a gefen jirgin. Ko ƙara bai yi ba.

Ina sauka na sayi kati na kira Yaya. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, ba zan aiko ba."

"Ba ki samu ba ne?"

"Ko na samu ba zan aiko ba. Kuma abin da ka yi wa Hajiya, ka ji tsoron Allah. Da an kama ta fa?"

"Haba, samfuri ne fa! Fanko ne, ba komai a ciki. Ba haka ake aiko miki da komai ba?"

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da gaske yake. A wurinsa kwanson harsashi da murfin kwano duk ɗaya ne. Na tambaye shi wa zai riƙe bindigar, ya ce wannan ba matsalata ba ce. Na ce ita ce kaɗai matsalar. Sai muryarsa ta canza.

"Kin zauna a cikin sanyi kin manta da uwarki. To ki ji da kyau. In suka dawo, duk abin da ya sami Inna, a wuyanki yake."

Na ce, "Na ɗauka, Yaya. A wuyana. Khalas, shi ke nan."

Daga ranar ya daina ɗaukar wayata. Na sa aka ƙara tsawon katanga, aka sa ƙofar ƙarfe, na shiga cikin maƙwabta aka ɗauki 'yan sintiri. Na roƙi Inna ta koma cikin gari ta ƙi. Kuma kada in yi ƙarya, maganar Yaya ta zauna mini a ƙirji. Duk wayar da ta shigo da lambar gida sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka. Sau da yawa ina tsakiyar ciniki sai in ji kamar in kira shi in ce na tuba. Ban kira ba. Tsoron yana nan, amma tambayar Baba ma tana nan, kuma har lokacin ba wanda ya amsa ta.

Fiye da shekara muna haka, sannan na samo wa Inna biza ta zo a duba mata ido. Da niyya na yi, ina fatan in ta zo ta ga kwanciyar hankali ta zauna. Wata rana da la'asar na hau da ita abra. Ta riƙe hannuna gam tana leƙen ruwan, ta ce, "Wannan yana da zurfi kuwa?" Sai na tsinci kaina ina ba ta labarin duka, tun daga yajinta har abin da na jefa a nan.

Ta saurare ni har muka kusa gaɓa. Sannan ta ce, "Ke da yayanki kun shekara kuna gaba a kan abin da za a ajiye a ƙarƙashin gadona. A cikinku wa ya tambaye ni?"

Kunya ta kama ni. Duk tsayuwar dakan da nake taƙama da ita, ni ma ban tambaye ta ba.

Ta ce, "Da bindigar ta iso, rijiya zan jefa ta. Sun hankaɗe ni na faɗi, na kuma tashi. Ba za su mai da ni mai kwana da abin kisa ba, ba kuma za su tashe ni daga gidana ba. Ke ma ba za ki tashe ni ba, da ke da bizarki."

Bizar wata biyu ce, amma kwana goma sha takwas ta yi ta ce a mai da ita, zogalenta zai bushe. Ranar tafiya ni na shirya mata jaka da hannuna, na duba kowane ƙulli. Da na gama na ɗauko takardar nan da na ajiye tun ranar harbi, na buɗe mata ta ga huda biyun.

Na ce, "Inna, ki kai wa Yaya. Ki ce masa ni mai lafiyar hannu da ido, a cikin sanyi, ba mai harbina, ba mai yi mini tsawa, biyu na samu cikin shida. Ki ce samfuri ne na aiko masa."

Ta zura ɗan yatsanta lanƙwasasshe a ɗaya daga cikin hudar, ta dube ni, ta ce, "Bakinki dai irin nawa ne." Ta ninke takardar ta cusa a jakar hannunta, kusa da makullin gidanta.