Saƙon da Ya Faɗa Wayar Kafil

Yayana, Allah ya jiƙansa, direban wani gida ne a unguwar Al-Shifa a ƙasar Larabawa, ni kuma ina ɗaukar kaya a shagon darduma a Dira. Sai Juma'a muke haɗuwa. Sauran kwanakin, idan ya kai matar gidan kasuwa yana jira a mota, sai ya danna waya ya aiko mini da labarin da yake ƙirƙira, da muryarsa. Labarin wa da ƙane ne, a ƙasar da wani boka yake tara inuwar mutane a tulu. Har muryar bokan yake kwaikwayo. Ni kuma ina bayan shago ina toshe baki.

A wayarsa ni ne "Kanina". Mai gidan da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, take hannunsa shi ne "Kafil". Sunayen suna jere. Wata Talata yatsa ya zame, saƙon ya tafi wa Kafil.

Mutumin ba ya jin Hausa, amma kalmomin da muka aro daga Larabci ya ji su sarai: sihiri, aljani, kabari, ruhi. Ga dariyar boka a ƙarshe. A ƙasar nan ba a wasa da zargin sihiri, kora ce mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Ya ce Yaya ya same shi bayan la'asar, ya zo da wanda ya fi shi Larabci.

Na fi shi, amma da kaɗan. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, don girman Allah kada ka yi dariya."

Kafil yana kunna saƙon yana tsayarwa, ni ina fassarawa. Ban san inuwa da Larabci ba, sai na nuna ta Yaya a bango. Da aka zo kan tulu na rungumi butar gahawa. Yaya ya ga ina ɓata masa labari, ya manta da tsoro, ya miƙe ya zama boka, ya ranƙwafa yana jan ƙafa a kan kafet. Na cije leɓe har ya yi zafi.

Sai muka kai inda wata tsohuwa mai duba ta ce ƙasar ba za ta tsira ba sai ƙanen ya miƙa wa boka inuwar wansa da hannunsa. Kafil ya ajiye waya. Ya tambaya ko ya miƙa. Yaya ya ce bai kai wurin ba tukuna.

Mutumin ya juyo ya harare ni, ya ɗaga yatsa. "Haram alaik. Ɗan'uwanka ne fa."

Na shiga rantsuwa cewa ni ban miƙa komai ba. Nan dariyar ta ƙwace mana, mu ukun. Ya turo wa Yaya makullin motar da ya karɓe tun safe, da sharaɗin a nemo wata hanyar ceton ƙasar.

Yaya ya ce ya samo ta, amma sai mun bi shi a hankali. Ciwon ajalinsa ya tashi kafin mu kai ƙarshen labarin.